Ranar da Tabki Ya Yi Kumfa

Duk wanda ya zauna Unguwar Bakin Tabki a Madarumfa ya san muryar Ɗan Azumi kafin ya san fuskarsa. Mai gyaran rediyo ne, yana da ɗan shago kusa da mahauta, amma in ka kai masa rediyonka sai ka haɗa da haƙuri, don gyaran ba ya gabansa. Abin da ya ɗauka sana'a shi ne riƙe mikro. Suna ne, ɗaurin aure ne, kokawa ce, ko'ina aka kafa sono, wato kayan lasifika, za ka tarar da shi tsaye, ya karkace hula, yana “alo, alo” tun ba a gama jona waya ba. Ya taɓa zama Yamai na ɗan lokaci yana ɗaukar wa wani mai sono kaya, kuma tun da ya dawo ba a sake gaya masa wani abu an kai ƙarshe ba. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu ya ce ya san wannan tun a Yamai.

Babbar ranarsa ita ce ta makon al'adu, lokacin da unguwannin gari ke gasar kiɗa da waƙa da wasan kwaikwayo a gaban alƙalai. Shekara da shekaru shi ke gabatar da unguwarsu, shekara da shekaru kuma su ke zuwa na ƙarshe. Bara ma abin ya fi muni. Ɗan Azumi ya kama gaishe da manyan baƙi, ya gaishe su da iyalansu da dabbobinsu, bai dire ba sai da aka kira magariba, matan unguwa suka kwashe ƙorensu suka koma gida ko baiti ɗaya ba su rera ba.

Saboda haka bana, da aka zauna taron shiri a gindin kuka, Inna Salamatu, shugabar mata masu kiɗan ƙwarya, ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ta ce sun yanke shawara za a ba Ruƙayya mikro, 'yar maƙwabcin Ɗan Azumi da ke karanta sanarwa a gidan rediyo, yarinyar da in ta faɗi magana uku ta gama. Ɗan Azumi ya ji abin har cikin ƙashinsa. Da a raba shi da mikro gara a raba shi da shagon da abin da ke ciki. Ya miƙe, ya gyara hula, dabara ta faɗo masa tun kafin ya san ta faɗo.

“Inna, ba bakina ya kada mu ba, ƙasa ce,” in ji shi. “Kowace unguwa bisa ƙasa take wasa. Mu da Allah ya ba tabki ƙofar gida, mi ya hana mu yi namu bisa ruwa?”

Ya zayyana musu yadda za a haɗa jirage biyu, a shimfiɗa katako a kansu, a tura dandamalin tsakiyar ruwa, mata na kiɗa, shi yana gabatarwa, alƙalai na kallo daga gaɓa baki buɗe. Inna Salamatu ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye shi ko ba shi ne wanda ko wankin ƙafa ba ya zuwa yi a tabki ba. Ya yi dariyar tausayin jahilcinta. Ya ce tabki ya yi masa kaɗan ne, shi da ya ƙetare kogin Yamai da iyo, rediyo a kansa, ana labarai, bai rasa ko kalma ɗaya ba. Mutane suka gaji da musu. A ƙarshe aka tsayar da magana: in dandamali ya tsaya bisa ruwa har aka gama wasa, mikro nasa ne har ya tsufa. In bai tsaya ba, ya miƙa wa Ruƙayya, kuma ba zai ƙara cewa “alo” a taron unguwa ba.

Washegari ya nufi wurin Sule masunci, ɗan kawunsa. Taubasai ne, tun suna yara suke cin naman juna da wasa, kuma ba a fushi. Lokacin bazara ne, ruwa ya ja baya, rana kamar ta fasa kai. Ya tarar da jiragen Sule biyu a ɗaure bakin gaɓa, kowanne ya sha ruwa har rabi, gansakuka ta kama gefensu. Ɗan Azumi ya riƙe haɓa. Ya ce dama ya san masunta da sakaci, amma bai san abin ya kai a bar dukiya tana ruɓewa cikin ruwa ba.

Kowa a bakin tabkin nan, har yaron da bai daina yawo ba wando ba, ya san dalilin da ake barin jirgin katako cikin ruwa. Katako in ya sha ruwa sai ya kumbura, haɗin ya matse. In ya bushe sai ya tsuke, haɗin ya buɗe baki. Sule ya ɗauko bayanin nan, ya kai “ai jirgi in ya bushe”, sai hannun Ɗan Azumi ya tashi. Ya san wannan tun a Yamai. A can, in ji shi, busar da jirgi ake yi ƙarau, a shafa masa fenti, ya fito yana walƙiya. Sule ya dubi jiragensa da rabonsu da fenti tun yana saurayi. Ya sosa ƙeya, ya tambaya wane launi za a shafa.

Fitar da jiragen ma sai da ta zama abin kallo. Aka ɗauko jakin wani mai amalanke, aka ɗaura masa igiya. Jaki ya ƙi motsi. Ɗan Azumi ya ce ba su iya magana da jaki ba ne, ya je bayansa ya daka masa tsawa irin ta mikro. Jaki ya zabura, igiya ta ɗebe ƙafafun Ɗan Azumi, ya zauna daɓas cikin taɓo. Ya miƙe yana cewa dama yana so ya gwada laushin ƙasar ne.

Aka kife jiragen a ƙofar gidansa, suka toshe lungu. Masu tallan ruwa suka riƙa zagayawa suna Allah ya isa ƙasa-ƙasa. Kazar maƙwabta ta samu inuwa ta fara ƙwai a ƙarƙashin ɗaya. Rana ta yi ta dukansu har katakon ya fara ƙara shi kaɗai da tsakar rana. Ɗan Azumi ya shafa shuɗi, ya ja layin rawaya, ya rubuta sunansa a kowane gefe da harufan da za a iya karantawa tun daga garin Safo. Wani dattijo da ya saba hutawa a lungun ya zauna kan ɗanyen fenti, ya tashi ya tafi masallaci da layin rawaya a bayan riga, aka yi ta rarrashinsa har yamma.

Sai tsaga ta fara bayyana. Da fari kamar zare, daga baya har kana hango hasken rana ta ciki. Ɗan Azumi ya tsaya yana kallo. Ya shiga gida, ya tarar da tiren sabulun da matarsa Zahara'u ke haɗawa tana sayarwa, sabo, da laushinsa. Ya kwashe shi tas. Ya bi tsaga ɗaya bayan ɗaya yana cusawa da babban yatsa, yana lailayewa, sannan ya bi da fenti. Aikin ya yi kyau ƙwarai, ga kuma ƙamshi.

Zahara'u ta fito neman tirenta, ta same shi wayam. Ta dubi jirgi, ta dubi mijinta.

“Baban Ladi, sabulu hwa ruwa yake jira.”

“Fenti na bisa, ta ina ruwa zai gan shi?”

“To jirgin da ya bushe haka...”

“Na san wanga tun a Yamai.”

Ta ɗauki tirenta ta koma ciki. Shekarun aure sun koya mata cewa maganar da aka katse ba ta ɓata, jira take yi.

An yi gwaji a tudu, kuma ya tafi daidai. Aka jera jiragen, aka ɗaɗɗaure katako a kai, aka kafa sanda a tsakiya mai ɗauke da tuta. Mata suka hau suka taka, dandamali ko gezau. Ɗan Azumi ya lura Inna Salamatu ta sunkuya ta shinshina gefen jirgi, ta ɗago ta dubi Sule, Sule ya dubi sama. Ya ji tana tambayarsa a ina zai kafe dandamalin ranar wasa, Sule ya ce daidai inda shanu ke shan ruwa, ta gyaɗa kai. Ɗan Azumi ya ji daɗi a ransa, ya ce ga shi tsohuwa ta fara sallamawa, har wurin kallo mai kyau take nema. Makaɗin kalangu kaɗai ya ba shi haushi, don ya rantse shi da kalangunsa daga gaɓa za su yi aiki.

Ranar gasa, bayan la'asar, bakin tabki ya cika ya batse. An kafa rumfa, alƙalai uku sun zauna kan kujeru, akwatunan sono na gefe da gefe. Unguwar Tasha, waɗanda suka saba cinyewa, sun gama wasansu suna ta hura hanci. Ɗan Azumi ya iso cikin babbar riga ta shadda mai ɗaukar ido, da takalmi sau-ciki, da mikro marar waya a hannu. Da ya ga matan unguwa sai ransa ya ɓaci. Ranar da ya kamata su fito da kayan sallah, sun zo da tsofaffin zannuwa, sun ɗaure su sama da gwiwa, ba takalmi, ba ɗan kunne. Ya ce da Inna Salamatu sun kunyata shi. Ta ce kowa da irin shirinsa.

Aka sauke dandamali cikin ruwa, mata suka hau da ƙorensu. Ɗan Azumi ya hau na ƙarshe, ya kama sandar tuta da hannu ɗaya, ya ce don kada iska ta kada ta ne. Sule ya sa sandar tuƙi ya tura. Ɗan Azumi ya runtse ido, bai buɗe ba sai da ya ji an tsaya. Da ya buɗe, ya ga gaɓa ta yi nisa, ruwa jawur ko'ina, ba a ganin ƙasa. Ya ƙara ƙanƙame sandar. Amma ya hango taron nan duka idonsu a kansa, ya hango Ruƙayya zaune hannu wofi, sai ƙarfinsa ya dawo. Ya kai mikro baki ya ce “alo, alo”, muryarsa ta bi ruwa ta cika gari.

Ya gama gaishe da alƙali na farko, yana cikin iyalan na biyu, sai kumfa ta fara leƙowa tsakanin katako. Fara sol, tana tasowa a hankali. Ta bi gefen jirage ta kewaye dandamalin, iska ta ɗebi wata ta yi sama da ita. Yara suka fara ihu suna nunawa. Ɗan Azumi ya duba ƙasa, ya duba taro, bakinsa ya riga hankalinsa. Ya sanar da jama'a cewa wannan wata fasaha ce ta zamani da ba a taɓa kawowa jihar Maraɗi ba sai yau. Aka ɗauki tafi. Alƙalai suka sunkuya suna gyaɗa kai. 'Yan Unguwar Tasha suka yi tsuru-tsuru. A ransa ya ce mikro ya zauna.

Kumfa ta kai idon sawu. Takalmin sau-ciki ya fara zamewa. Sai ya ji sanyi a yatsun ƙafa, sanyin da ba na kumfa ba. Dandamali ya ɗan karkata hagu, ya dawo, ya karkata dama. Ɗan Azumi ya juya wajen Sule ya yi masa raɗa, ya manta abin da ke bakinsa.

“Sule. Sule, ruwa na shigowa.”

Raɗar ta fito ta akwatunan sono kamar aradu. Sule, yana jingine da sandarsa, ya matso kusa da mikro yadda kowa zai ji.

“To ai bisa ruwa ka ce a yi, ɗan'uwa. Ga ruwan ya zo gaishe ka.”

“Tura mu gaɓa.”

“Mi zai dame ka, kai da ka ƙetare kogi da rediyo bisa kai?”

Ruwa ya haye katako ya shafi gefen babbar riga. Nan Ɗan Azumi ya watsar da komai. Ya rungume sandar tuta, ya durƙusa, ya kwarma salati. Ya shaida wa Madarumfa kaf cewa bai iya iyo ba, bai taɓa iyawa ba, kogin Yamai ta kan gada ya ƙetare shi, cikin taksi, shi ma ido a rufe. Ya roƙi duk wanda rediyonsa ke shagonsa ya yafe masa, ya ce wasu ma bai taɓa kwance su ba. Ya roƙi dattijon nan gafarar rigarsa. Ya kira Zahara'u, ya ce ta riƙe Ladi amana, ya kuma amsa cewa shi ya kwashe sabulun.

Dandamali kuwa ya ci gaba da sauka a hankali, ba gaggawa, har ya zauna daram a ƙasan tabki. Matan suka tako ɗaya bayan ɗaya, ruwa iya cinya. Inna Salamatu ta kife ƙwaryarta a kan ruwa, sauran suka kife nasu, suka sa 'yan sanduna suka fara kiɗan ruwa, irin wanda ake yi cikin baho ranar biki, yau ga baho har bakin daji. Sautin ya fito da zurfi, ya ratsa ƙirjin kowa. Mai kalangu ya amsa daga gaɓa. Inna Salamatu ta ɗaga murya ta ƙaga waƙa nan take, ta gwanin Yamai da ya zo yi wa tabki wanka, mata na amsawa, kumfa na yawo tsakaninsu. A tsakiyarsu ga gwanin a kwance rub-da-ciki, ido a rufe, babbar riga ta buɗe bisa ruwa, hannu ɗaya ya ɗaga mikro sama yana ta neman a cece shi. Duk inda waƙa ta numfasa sai ihunsa ya cike gurbin, kamar an yi gwajinsa.

Alƙalin tsakiya ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Na gefensa yana share hawaye da hannun riga.

Sai aka ga Zahara'u ta tattare zane ta shiga ruwa. Ta tako a natse har inda mijinta yake. Ya ji motsinta, ya buɗe ido ɗaya, ya miƙa mata hannu yana kiran sunanta. Ta wuce hannun, ta zare mikro daga ɗayan, ta juya ta koma gaɓa, ta goge shi da gefen mayafi ta danƙa wa Ruƙayya. Sannan ta sake takowa.

“Baban Ladi, miƙe tsaye.”

“Zan nutse.”

“Miƙe dai.”

Ya miƙe. Ruwan bai kai masa ƙugu ba. Can gefe wani ɗan maraƙi na tsaye cikin ruwa yana kallonsa yana tuƙa.

Ruƙayya ta yi magana uku. Ta ce wannan shi ne wasan Unguwar Bakin Tabki, ta faɗi sunan masu kiɗa da na babban ɗan wasa, ta gode wa jama'a. Tafin da aka yi ya tayar da tsuntsayen da ke kan kukoki. Alƙalai ba su ma tsaya shawara ba. A karo na farko tun da aka fara gasar, Bakin Tabki ta zo ta ɗaya, mata suka ɗauki guɗa tun suna cikin ruwa.

Ɗan Azumi na zaune kan turmi a gaɓa, lulluɓe da mayafin matarsa, takalmi ƙafa ɗaya, yana jin kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai ga babban alƙali ya nufo shi da hannu a miƙe. Ya ce ya daɗe yana alƙalancin wasanni, bai taɓa ganin wanda ya kwaikwayi matsoraci haka ba, har rawar murya. Ya tambaya wa ya tsara. Ɗan Azumi ya dubi alƙali, ya dubi mutanen da suka kewaye su. A hankali ƙirjinsa ya fara tasowa. Ya laluba kansa zai karkace hula, ya tarar tana tabki, ya karkace mayafin.

Ya ce shi ya tsara, tun daga busar da jirgi har sabulu. Ihun nan ma sai da ya yi ta gwada shi a ɗaki. Maganar gada da taksi kuwa duk cikin wasa ce. Irin wannan, in ji shi, ya san shi tun a Yamai. Don haka, tunda unguwa ta ci, yana ganin a maido masa da mikronsa.

Inna Salamatu na gefe tana matse zane. Ta tuna masa cewa magana ita ce in dandamali ya tsaya, kuma duk gari shaida ne bai tsaya ba. Ta ƙara da cewa amma ta ji daɗi da ya ce da gangan ne, don unguwar da ta ci ita ke maimaita wasanta ranar rufe mako a gaban baƙin Maraɗi, kuma tana ta tunanin yadda za a sake samun irinsa. Alƙali ya tafa hannu ya ce lallai kada a canza komai. Game da mikro kuwa, ya ce ya lura ko bayan an karɓe shi ana jin Ɗan Azumi har bayan rumfa, don haka a bar wa yarinyar.

“Sai dai wannan karon in ƙara turawa ciki kaɗan,” in ji Sule, “don baƙi su ga abin da gaske.”

Ɗan Azumi ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba. Kowa ya yi shiru yana jira. Hannun ya tsaya a sama, bakin ya buɗe, ba abin da ya fito.

Da safe ya leƙo zai tafi shago, ya tarar da lungu a toshe. Jiragen nan biyu na kife a ƙofar gidansa suna shan rana, Sule na zaune kan ɗaya yana gyaran komarsa ta kamun kifi. A gefensu Zahara'u ta ajiye sabon tiren sabulu, cike har baki.